Idan Tunani Ya Hana Manomi Barci

Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga, shekarar manomin ƙasar Kura da Bunkure tana da wurin shan iska. In an gama kaka, an ɗaure gero da dawa an zuba a rumbu, sai gona ta huta, mai gona ma ya huta. Wasu su tafi cin rani, wasu su koma marina da mabuga, inda ake yin rawani ɗan Kura da turkuɗin da Buzaye ke saye su kai can cikin hamada. Tsakanin 1971 da 1974 gwamnatin Audu Bako ta datse kogin Kano a Tiga, aka jawo ruwan ta babban kanal ya sauko Bunkure da Garun Malam da Kura. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da kadada 22,000. Arziki ya shigo, ba mai musun wannan: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani, injinan casa suna ruri a Kura dare da rana. Sai dai tun daga lokacin rani ya daina zama lokacin hutu, kuma abin da mutum zai saƙa a zuciyarsa ya ninka.

Ga bashin taki da aka ci da sunan za a biya in an cire amfani. Ga kacala ta toshe magudana, ruwa bai iso ƙarshen layi ba. Ga jan-baki a kan shinkafa. Waɗanda suka noma tumatir a 2016 ba za su manta da tsutsar nan da ake kira sharon ba, wadda ta ƙone gonaki cikin 'yan kwanaki har kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa ya rasa abin niƙawa. In kuma tumatir ɗin ya yi kyau a wurin kowa, sai farashin kwando ya faɗi warwas a kasuwar Kwanar Gafan, a koma yanka shi ana shanyawa a bakin titin Zariya. Duk waɗannan matsaloli ne na gaske. Amma akwai wata ta daban da ke hawa kansu, ita ce wadda mutanenmu ke nufi in sun ce wane "ya sa abu a ransa", ko "tunani ya yi masa yawa". Asarar kwando hamsin sau ɗaya take faruwa a kasuwa. A kan shimfiɗa kuwa, tsakanin sallar isha'i da asalatu, mai ita yana iya yin ta sau ɗari.

Abin da ya sa wannan maimaici yake cin jiki shi ne yadda aka halicci jikin. A ce kana tsakiyar shinkafa, ruwa iya ƙauri, sai ka ga gamsheƙa ta fasa kai. Tun kafin ka gama gane abin da ka gani, wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira amigdala, ya riga ya buga ƙararrawa. Saƙo ya bi jijiyoyi ya isa ga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su sako sinadarin adirenalin cikin jini, daga baya kotizol ya biyo. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, hanta ta zubo sukari, numfashi ya gajarce, hanji ya dakatar da aikinsa tunda ba lokacin narkar da tuwo ba ne. Ka yi tsalle ka tsira. Bayan ɗan lokaci wani rukunin jijiyoyin, wanda aikinsa kwantar da jiki ne, ya karɓi ragama, komai ya koma daidai. Wannan shiri rahama ne, in ba don shi ba da macizai sun gama da mu.

Matsalar ita ce ƙararrawar ba ta iya tantance macijin da ke gabanka da wanda ke cikin kanka. Hoton mai bin bashi yana sallama a ƙofar gida yana iya tayar da kusan abin da gamsheƙa ta tayar, kuma shi ba a tsere masa da tsalle ɗaya. In aka ɗauki watanni a haka, barci ya lalace, wuya da kafaɗa su riƙe, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, mai hawan jini kuma nasa ya ƙi sauka. (Gyambon ciki, wanda muka saba ɗora wa tunani, yawancinsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan kashe ciwo. Likitocin Ostareliya biyu da suka gano ƙwayar, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu kyautar Nobel a 2005. Saboda haka mai ciwon ciki ya je a gwada shi, kada ya tsaya zargin zuciyarsa.)

Yawon hankali kuwa ba halin wasu 'yan tsiraru ba ne. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta wayar salula a lokuta daban-daban: me kake yi yanzu, ina hankalinka yake, yaya kake ji? Suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutum ba ya kan abin da hannunsa ke yi. Kuma a lokacin da ya tafi yawon, mutane sun fi cewa ransu ba daɗi. Tun 2001 wani likita mai suna Marcus Raichle ya nuna cewa akwai sassan ƙwaƙwalwa da ke kama aiki da zarar mutum ya zauna ba ya yin komai. Su ne ke tono jiya, su hango gobe, su ƙulla labarin "ni da abin da aka yi mini". Suna da amfani, da su ake tsara noman baɗi. In sun ƙi tsayawa ne suke zama azaba.

A 1979 wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani ɗan asibiti a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, ya ce likitoci su turo masa marasa lafiyar da magani ya kasa raba su da ciwo. Abin da ya koya musu ya samo shi ne daga hanyoyin zaman natsuwa na mabiya addinin Buda, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma ya cire bautar da aƙidar, ya bar horon hankalin zalla. Ya tsara shi mako 8: haɗuwa sau ɗaya a mako na wajen awa biyu da rabi, sannan kowa ya yi atisaye na minti 45 kullum a gida. Darasin farko yakan ba mutane dariya. Ana ba kowa ƙwayar zabibi ɗaya, a ce ya dube ta, ya shinshina, ya juya ta a baki, ya tauna a hankali. Da yawa sai a ranar suke gane rabonsu da jin ɗanɗanon abin da suke ci an daɗe.

Ainihin atisayen ba shi da wuyar faɗa. Ka zauna a tabarma ko kujera, baya a miƙe ba a sandare ba, ido a runtse ko a ƙasa. Ka kai hankalinka inda ka fi jin numfashi, ko bakin hanci ko tashi da saukar ciki. Ba sai ka canja numfashin ba, kallonsa kawai za ka yi. Ba za a daɗe ba, wataƙila ko numfashi biyar ba ka kai ba, sai ka tsinci kanka a Kwanar Gafan kana ciniki da dillali. To a nan aikin yake. Ka lura cewa ka tafi, ka ce a ranka "tunanin kasuwa ne", ka dawo kan numfashi ba tare da ka zagi kanka ba. Zai sake tafiya. Ka sake dawo da shi.

Yawancin masu farawa a nan suke yin zuciya su bari, su ce ai su ba za su iya ba, hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa yin ban-ruwa ya san amsar wannan. Ruwa ba ya shiga fangalin da kake so don ka so. Duk inda kunya ta yi rauni nan zai ɓalle. Ba wanda ke cewa mai ban-ruwa ya gaza don ruwa ya ɓalle, aikin nasa ke nan ya tsaya da fartanya, ya ga ɓaraka, ya toshe, ya juyo da ruwan, ya sake tsayawa. Wanda ya ƙware shi ne wanda ke ganin ɓarakar tun tana ƙarama, kafin ruwan ya cika gonar maƙwabci. Haka hankali yake. Dawowar ita ce horon, kuma abin da ke ƙaruwa da kwanaki shi ne saurin lura.

Me wannan saurin lura yake sayo wa mutum? Abu biyu, kuma ya kamata a raba su.

Na farko na jiki ne. Ka ɗora yatsa a jijiyar wuyan hannunka ka ja numfashi a hankali: bugun yana ɗan ƙara sauri in kana shaƙa, yana ɗan lafawa in kana fitarwa. Wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji ta sauka ciki ita ke taka wa zuciya birki, kuma ta fi takawa a lokacin fitar da numfashi. Mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti. In ya natsu numfashin ya tsawaita, birkin ya fi kamawa. A 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutane suna jan carbin Katolika da harshen Latin, suna kuma maimaita kalmomin masu yoga, ya tarar duka biyun suna saukar da numfashi zuwa wajen 6 a minti, kuma bugun zuciya da tafiyar jini suna daidaita da shi. Tun 1975 ma Herbert Benson na Harvard ya rubuta cewa maimaita kalma ko addu'a a natse, tare da yin watsi da tunanin da ke kutsowa, yana juya waccan ƙararrawar baya.

Na biyun ya fi zurfi, kuma a ganina shi ne ribar gaske. Akwai tazara tsakanin mutumin da ya ce "na shiga uku" da wanda ya ce "ga tunanin nan na shiga uku ya sake zuwa". Na farko yana cikin tunanin tsundum, ya ɗauke shi labari tabbatacce. Na biyu yana tsaye a gefe yana kallonsa, ya san baƙo ne da ya saba zuwa da tsakar dare, ya kuma san yakan tafi. Bashin bai ragu da ko kwabo ba, amma jikin bai sake zubo adirenalin a kansa ba. Haka nan wajen fushi. Rigimar ruwa tsakanin na bakin kanal da na ƙarshen layi tsohuwa ce, kuma sau da yawa abin da ke raba cacar baki da ɗaga fartanya daƙiƙa biyu ce. Wanda ya saba jin zafin da ke tasowa a ƙirji da ƙullewar muƙamuƙi tun suna farawa, ya samu waɗannan daƙiƙu biyun. Koyarwar da muka tashi da ita, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi shiru, ya je ya yi alwala, ita ma wannan tazarar take buɗewa.

Sai batun hujja, don a nan 'yan talla suka yi wa abin kwalliyar da ta wuce kima. A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi a kan mutum 3,515 suka tace. Sakamakon: horon yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin jiki, ragi kaɗan zuwa matsakaici. Ba su samu shaidar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba. Inda ya fi nuna ƙarfi shi ne hana ciwon damuwa dawowa. Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale sun haɗa shi da wata hanyar gyaran tunani, gwajinsu na shekarar 2000 ya nuna yana rage komawar ciwon ga waɗanda ya taɓa kayarwa sau 3 ko fiye. A 2015 aka gwada a Ingila da mutum 424: cikin shekara 2, ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin 100 na masu horon, da kashi 47 na masu ci gaba da shan ƙwaya. Kusan kunnen doki ke nan. A 2022 wani gwajin a Amurka da mutum 276 masu ciwon fargaba ya samu horon mako 8 ya yi kafaɗa da kafaɗa da wani sanannen magani.

Akwai kuma inda ya faɗi. An taɓa yayata cewa mako 8 ya isa ya canja girman wasu sassan ƙwaƙwalwa. Wani bincike mafi girma daga Jami'ar Wisconsin a 2022 bai ga hakan ba. A shekarar dai, gwajin da aka yi a makarantu 84 na Birtaniya, da yara sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, ya nuna koyar da shi a aji bai fi darasin da aka saba ba, yawancin yaran ma ba su yi atisayen a gida ba. Abin da aka tilasta wa mutum ba ya kama shi. Game da hawan jini, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2017 ana iya ƙara shi a kan magani da rage gishiri da barin taba, ba a maye gurbinsu da shi ba.

Gwajin da ya fi dacewa da mutanen lambu shi ne na ciwon baya. Wanda ya yini a sunkuye yana dashen shinkafa, ko matar da ta yini tana tsinkar tumatir ko turara shanshera a bakin wuta, ba sai an ba su labarin ƙugu ba. A 2016 aka raba mutum 342 masu daɗaɗɗen ciwon baya a Amurka gida uku. Bayan wata 6, wajen kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka yi horon sun samu sauƙin da ya ba su damar yin hidimarsu, a kan kashi 44 na waɗanda aka bari da kulawar da aka saba. Ciwon bai ɓace ba. Abin da suka koya shi ne raba zugin da ke cikin tsoka da tsoron da ke biye da shi, tsoron da ke sa jiki ya ƙara ɗaurewa, ciwon ya ƙaru. Wannan magana tana da nauyi a wurinmu, saboda mun san abin da wasu 'yan ƙwadago ke haɗiya da sassafe don su iya aikin mutum biyu. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramadol. Ba zan ce zaman minti goma zai raba mutum da tiramadol ba, wannan aikin asibiti ne. Amma matashin da bai fara ba, in ya san wata hanyar zama da gajiya da ɓacin rai, an rage masa dalili ɗaya.

Mai karatu na Kura ko Bunkure zai ce, to mu da muke da salla sau biyar, me za mu yi da abin da aka aro daga mabiya Buda? Tambaya ce mai kyau. Duk yaron da ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san natsuwa tana cikin farillan salla, kuma kushu'i, wato zuciya ta kasance inda jiki yake, abu ne da ɗan Izala da ɗan ɗarika ba su saɓa a kansa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u Ulumiddin kan yadda tunani ke sace mai salla da yadda ake maido shi, kafinsa kuma Harisul Muhasibi na Bagadaza ya yi suna a kan bin diddigin abin da ke gilmawa a zuciya. Lazimi da wazifar Tijjanawa, zikirin Ƙadirawa, i'itikafin goman ƙarshe na azumi, duka suna da zama wuri ɗaya da maimaitawa da dawo da hankali. Wanda ya taɓa idar da raka'a huɗu bai san surar da ya karanta ba, ya riga ya san cutar da ake magana a kai.

Duk da haka ba na son a cakuɗa su. Ibada don Allah ake yin ta, wanda ya mayar da sallarsa maganin hawan jini ya taɓa niyyarsa. Shi kuma atisayen asibiti ba ya fuskantar kowa da bauta, motsa hankali ne kamar yadda ake motsa gaɓoɓi. Hukuncin na malamai ne, amma abin da nake gani shi ne kowanne yana iya taimakon ɗayan: wanda ya saba kamo hankalinsa in ya tsere zai fi samun kushu'i, wanda kuma ya saba zama bayan asuba da carbi a hannu ya riga ya mallaki lokacin da wurin da Bature ke wahalar nema. Minti goma kafin a fita gona sun isa farawa. In zaman ya gagara, tafiya a kan gaɓar kanal ma ta wadatar, mutum yana jin tafin ƙafarsa na taka ƙasa, yana dawo da hankalinsa can duk lokacin da ya zille.

Akwai waɗanda bai kamata su shiga wannan su kaɗai ba. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tana tattara bayanan mutanen da zaman shiru ya tayar musu da firgici, ko ya dawo musu da mugun abin da suka taɓa gani, ko ya hana su barci. Wanda ya tsira daga hari ko mummunan hatsari, in ya rufe ido ya ji abin yana taso masa, ya buɗe idon ya tsaya. Wanda yake jin muryoyi, ko ya daina cin abinci da wanka, ko zuciyarsa ke raya masa ya kashe kansa, da matar da ta haihu ta kasa ko kallon jaririnta, wurinsu asibiti ne, Dawanau ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, yau ba gobe ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin waɗannan haƙƙin a duba su da mutunci. Kuma kada wani ya ce wa manomin da ruwa bai kai gonarsa ba ya je ya yi numfashi. Wannan maganarsa da ƙungiyar masu amfani da ruwa ce da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne a kan mutum sama da miliyan 200, saboda haka in abin zai isa ƙauye ba ta hannunsu zai bi ba. An gwada wata hanya a arewacin Yuganda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya darussa 5 da aka naɗa a faifai, da ɗan littafi mai hotuna, cikinsu har da irin wannan atisayen na dawo da hankali da kallon tunani daga gefe. Aka tara mata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu rukuni-rukuni, 20 zuwa 30, ana kunna musu faifan da Larabcin Juba, masu jagorantar zaman kuma ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka ba ɗan horo. Mata 694 ne suka shiga gwajin, aka buga sakamakon a 2020: damuwar waɗanda suka saurari darussan ta ragu fiye da ta sauran, kuma bayan wata 3 bambancin yana nan, ko da yake ya ɗan ja baya. Kayan aikin duka lasifika ce da inuwa da mutum biyu masu riƙe zaman. Yankin da kusan kowane manomi ke rataye rediyo a gona, mata ke taruwa a Islamiyya da wurin turara shinkafa, ƙungiyoyin ruwa kuma ke da rajistar mambobinsu sashe-sashe, ba zai rasa inda za a kunna faifai irin wannan da Hausa ba, a auna hawan jini da barcin mutane kafin a fara, a sake aunawa bayan an cire tumatir.